Dabarar riƙe ma'anar dismay

Jama'a, musamman masu shirin WAEC, duk inda kuka ga dismay ku sa "sanyin gwiwa" a gurbinta, ku daina ɗaukar ta a matsayin baƙin ciki kawai.

Ni ma da haka nake yi har sai da na raba ta biyu, dis da may. Ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, may ɗin nan kuma tushensa ɗaya da may na iya yin abu, dis kuwa cirewa yake. Wato an zare maka ƙarfi ke nan.

Misali ka sha rana ka je banki da gudu ka tarar an rufe ƙofa, ko ka buɗe buhun wakenka ka ga ƙwari sun mai da shi gari, gabanka ya faɗi jikinka ya yi sanyi ka rasa ta inda za ka fara. To wannan ita ce.

Ga yadda ake sa ta: To my dismay, the bank was closed. Ko I was dismayed by the news. Bayan dismayed, by ko at ake sawa, don Allah kar ka sa of.

Amma fa dabarar ba ta ci ko'ina. In rasuwa aka yi grief ake cewa. In kuma ƙaramin abu ne, kamar tuwo bai yi daɗi ba, disappointed ta isa. Sannan a rubutu da jarida ta fi zama, a hira da abokai tana yin nauyi.