Yadda za ka gano mahaifin kakanka idan sunansa ya sauya a hanya

Duk wanda ya taɓa zama don rubuta salsalar gidansu ya san inda ake cijewa. Ka san sunan babanka, ka san na kakanka, kana zuwa kan uban kakan sai magana ta rabu. Baffa ya ce Audu, gwaggo ta ce Garba, takardar sallamar soja da ke ƙasan adaka kuma ta sa masa sunan gari a gurbin sunan uba. Sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ana cewa suna linzami ne, amma a wannan aikin idan shi kaɗai ka riƙe, gidan da ba naku ba zai kai ka.

Fara da tara duk sunayen da aka taɓa kiran kakan da su, kowanne ka rubuta wanda ya faɗa maka shi. Sannan ka rarrabe. Akwai sunan yanka, akwai inkiyarsa: Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, Audu Abdullahi ne, Sanda Umaru, Shehu Usmanu, Iro Ibrahim, Maitama Yusufu. Akwai sunan rana irin Ɗanladi da Balarabe da Ɗanjuma. Akwai kuma sunan da ke ba da labarin haihuwa, wanda ya fi sauran amfani a gare ka. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Gambo mabiyin tagwaye ne. To idan kakanka Gambo ne, gidan da ake cewa nan aka haife shi kuma ba a taɓa jin labarin tagwaye a cikinsa ba, ka sami abin tambaya. Wanda ake kira Abba ko Baba tun yana goye kuwa, galibi sunan kakansa ya ci aka sakaya saboda alkunya. Gano sunansa na yanka na iya ba ka sunan wani na sama da shi.

Na biyu, kada ka ɗauka suna na biyu dole sunan uba ne. Wannan tsari na sunan mutum sai na mahaifinsa a takarda bai daɗe da kafuwa ba. A makarantun boko na zamanin Turawa ana yawan liƙa wa yaro sunan garinsu. Aminu Kano ɗan Malam Yusufu ne. Shehu Shagari sunan mahaifinsa Aliyu. Sardauna ma da Ahmadu Rabah aka san shi yana yaro, mahaifinsa Ibrahim, Bello kuwa kakan mahaifinsa ne. Haka aka yi a soja, a aikin jirgin ƙasa, da wurin haƙar kuza a Jos: magatakarda ya tambayi daga ina, abin da ya ji ya rubuta.

Yanzu sai babban matakin, wato zama da tsofaffi. Ka fara da mata, don su ke riƙe da lissafin aure da haihuwa da goyo. Ka je bayan la'asar da ɗan goronka, ka nemi izini kafin ka kunna rakodar waya. Kada ka ce "Iya, wane ne uban Kaka?" Amsar da aka saba ba baƙi za ta ba ka. Idan ma surukinta ne ko mijinta ba za ta kama sunan ba, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan", ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Zagayowa ake yi. A gidan wa aka yanka ragon sunansa? Da su wa aka yi masa kaciya? Su wa yake wasan taubasai da su? Wa ya ba da auren ƙanwarsa? Gonar wa ya gāda?

Tambayoyi biyun ƙarshe su ne ƙashin bayan binciken. Riƙo ya yi yawa a gidajenmu. Kawu ya ɗauki ɗan ƙanwarsa, wan uba marar haihuwa a ba shi yaro tun yaye, agola ya tashi gidan mijin uwa, almajiri ya girma gaban malaminsa har unguwa ta riƙa kiransa da sunan malamin. Duk waɗannan suna iya sauya sunan da ke bin mutum. Amma shari'a ba ta ba ɗan riƙo gādo a matsayin ɗa, kuma aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Saboda haka ranar rabon gādo gaskiya take fitowa, ko da an shekara arba'in ana lulluɓe ta. Idan kakanka ya tashi gidan mutum, mutumin ya rasu 'ya'yansa suka raba gida da gona shi bai sami kason ɗa ba, sannan ga wata gona a wani ƙauye da ya riƙa zuwa karɓar amfaninta, can za ka nufa. Walicci ma haka yake, ta wajen uba yake bi. Ka duba tsagen fuska idan akwai tsohon hoto, don wanzami askar gidan uba yake yi wa jariri. Wanda ke da zanen Gobirawa a gidan da kowa ke da na Barebari, fuskarsa ta riga ta yi magana.

Bayan haka ka ɗaure labarin da shekara. Tsofaffi ba su lissafi da lamba, da abin da ya faru suke yi. Zuwan Turawa Kano 1903 ne, isowar layin dogo 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Sarkin Kano Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Idan wanda ake cewa uba ya rasu zamanin Sarki Alu, wato kafin zuwan Turawa Kano, kakan kuma bayan Kakalaba aka haife shi, akwai mutum guda da ya faɗo daga jerin. Mai suna ne yakan jawo haka, a haɗe kaka da jika su zama mutum ɗaya.

Sai ka je ga takarda, amma da tambaya ƙayyadajjiya a hannunka. Fara da gida: bayan bangon tsohon Alƙur'ani da littattafan malamai, inda wasu kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci. Sai mai unguwa da dagaci da limami. Sai rijistar kotun alƙali, inda aka riƙa rubuta rabon gādo da sunayen magāda saboda ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, da ake cirewa a lokacin. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna na da fayilolin larduna da rahotannin kimanta haraji, akwai kuma Arewa House a Kadunar, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada ka sa rai da yawa. Talaka bai cika shiga fayil ba sai ya yi shari'a ko ya riƙe sarauta. Wanda ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, a nemi sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, kyauta ne. Ka gwada rubutu iri-iri, don Muhammadu kan koma Momodu ko Mamadu, a Nijar Mahamadou, Ibrahim kuma a Gana ya zama Braimah.

Wanda ya yi ƙaura mai nisa ya fi kowa sauya suna. Fataken goro da suka zauna zangon Kumasi ko Salaga, da masu tafiya Makka a ƙasa da suka tsaya Sudan, irin jama'ar Mai Wurno da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, da yawa da sunan gari ko sana'a aka san su. A can, sarkin zango ko limamin tsohon masallaci za ka tambaya wa ya sauki baƙon, don mai masauki kan zama kamar uba.

Akwai inda za ka ji tsohuwa ta yi gum, ko ta ce a bar kaza cikin gashinta. Wani lokaci bauta ce a bayan shirun. Dokar Turawa ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, kuma wanda ya yi murgu ya fanshi kansa yakan ci gaba da amsa sunan gidan ubangijinsa. Idan ka zo nan ka kashe rakodar, ka koma wata hirar, ka dawo wata ranar kai kaɗai.

Gwajin ƙwayar halitta ba ya faɗar sunan kowa. Abin da zai iya shi ne nuna ko kai da wani namiji na gidan da kake zargi kun fito daga tsatson uba ɗaya, kuma sai da yardarsa. Ni dai ba zan fara da shi ba. Idan magana ta tsaya kan mutum biyu, rubuta su duka biyun a jadawalin, gefen ɗaya ka sa "shi ya riƙe shi", gefen ɗaya "gādonsa ya ci", da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.