Yadda Malamin Ingilishi Zai Samu Izinin Aiki a Ƙasar Waje

Matasan Damagaram da suka karanta Ingilishi, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Kano da Zariya, suna yawan cin karo da tallar aikin koyarwa a ƙasashen waje a Facebook da WhatsApp, kuma tallar takan zo da albashin da zai sa mutum ya raina abin da yake samu a lakwal mai zaman kanta. Kafin a yi maganar albashi, dole ne mai niyyar tafiya ya rarrabe abubuwa uku da mutane suke haɗawa su kira su biza: izinin shiga ƙasa, izinin yin aiki a cikinta, da izinin zama. A mafi yawan ƙasashe, malami ba ya neman izinin aiki da kansa; makarantar da ta ɗauke shi ita ce take nema masa a hukumar ƙwadago ta ƙasarta. Mu ma haka tsarinmu yake, domin dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta a rubuta kwantaragin baƙon ma'aikaci a kai shi hukumar samar da aikin yi, wato ANPE, ta sa masa hannu. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka taho tukuna, takardu sa biyo baya, ya juya maka hanyar ne ƙafa sama kai ƙasa.

Matakin farko shi ne ka duba ƙasar da fasfonka zai yi aiki a cikinta, tun kafin ka kashe ko dala ɗaya. Koriya ta Kudu tana ba malaman Ingilishi bizar E-2, amma a ƙa'ida ta keɓe ta ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Komai iya Ingilishinka, fasfon Nijar ba ya cikin wannan jeri, kuma dillalin da ya ce zai shigar da kai ta wannan ƙofa kuɗinka kawai yake nema. Ƙasar Sin ta fi son malamin harshe ya fito daga ƙasar da ake magana da harshen, ko ya kasance yana da digiri daga jami'ar irin wannan ƙasa. Tailan da Biyetnam sun fi sassauci, domin suna karɓar wanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare shi idan ya kawo sakamakon jarrabawa irin su IELTS ko TOEIC. A Turkiyya kuwa, makaranta ce take shigar da buƙata a ma'aikatar ƙwadago bayan ma'aikatar ilimi ta amince da malamin, kuma izinin aikin da aka bayar shi ne yake zama izinin zama. A ganina, malamin da ya tashi a nan kada ya manta da Faransancinsa, domin sau da yawa makarantar da ba za ta kalle shi a matsayin malamin Ingilishi ba za ta yi marhabin da wanda ya iya koyar da harsunan biyu.

Ta fuskar ilimi, ana neman digiri na farko kusan ko'ina, sannan takardar horon koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne. Wadda aka fi girmamawa ita ce CELTA ta Kambirij, mai ɗaukar awa 120 tare da awa shida na koyarwa a gaban ɗalibai ana duba mutum. Akwai takardun TEFL masu araha da ake yi ta intanet, amma ka tambayi makarantar ko hukumar ƙasarta tana karɓar wadda kake son yi. Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS da ta TOEFL shekara biyu suke aiki, don haka ba a gaggawar yin su tun babu aikin a hannu.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne takardun gida, kuma a nan ya kamata a tsaya a natsu. Ka shimfiɗa takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, takardar bak, digiri da fasfo a kan tabarma ɗaya, ka karanta sunanka harafi bayan harafi. Wani ƙanena a Garin Malam ya rasa wata uku cur saboda digirinsa ya ce Mahamadou, fasfonsa ya ce Mahaman, sannan a wata takarda an sa sunan mahaifinsa a gaba, a wata kuma a baya. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san shi, amma ma'aikacin da yake zaune a gaban kwamfuta a wata ƙasa mutum biyu yake gani. Haka batun ranar haihuwa yake ga waɗanda aka yi wa takarda a kotu bayan sun girma, aka rubuta shekara kawai babu rana babu wata, alhali fasfo ya sa 1 ga Janairu. Gyaran irin wannan saɓani a kotu ake yin sa, kuma shi ya kamata a fara da shi, tunda ba ya da ranar ƙarewa.

Takardar shaidar rashin laifi, wadda muke kira kaziye, ita kuma akasin haka take, domin wata uku kawai take aiki. Wanda ya karɓe ta tun farkon shiri zai tarar ta mutu kafin makaranta ta kammala nata ɓangaren, sai ya sake komawa kotu, ya sake biyan kuɗin fassara da na hatimi. Shi wannan ƙanen nawa sau biyu ya hau motar Yamai saboda ita, tafiyar kusan kilomita 900 kowane zuwa. Ka jinkirta ta, tare da takardar gwajin lafiya, har sai ka riƙe kwantaragi a hannu. Fasfo kuwa ya kasance da sauran wa'adi da ya zarce tsawon kwantaragin, kuma kada katin allurar shawara ya ɓace.

Bayan an tara takardu sai tantance su. Tunda da Faransanci aka rubuta su, dole ne mai fassara da ya yi rantsuwa a gaban kotu ya mayar da su harshen da ƙasar take buƙata. Fassarar da ka yi da kanka ba ta karɓuwa ko da ta fi tasa kyau. Daga nan sai hatimin hukuma. Yarjejeniyar Heg ta 1961 ta samar da hatimin afostil, wanda yake rage yawan ofisoshin da takarda take bi a tsakanin ƙasashen da suke cikinta. Saudiyya ta shiga cikinta a 2022, Sin kuma a Nuwamban 2023, amma Nijar ba ta cikinta, don haka takardunmu ba sa samun wannan sauƙi. Najeriya ma ba ta cikin yarjejeniyar, saboda haka wanda ya yi digirinsa a Kano zai bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za shi. Takarda a ƙasar da ta fito ake tantance ta, ba a ƙasar mai ita ba.

Tsarin Sin ya isa misali na yadda matakan suke bin juna. Makaranta tana tura takardun malami ga hukuma, hukuma ta fitar da wasiƙar amincewa da ba shi izinin aiki, da wannan wasiƙa ce malami zai je ofishin jakadanci ya karɓi bizar Z. Idan ya sauka, yana da kwana 30 ya yi gwajin lafiya, ya karɓi izinin aikin, ya nemi izinin zama a wajen 'yan sanda. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da aka kama yana aiki ba izini, idan laifin ya yi tsanani a haɗa masa da tsarewar kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korarsa daga ƙasar. Izinin yana ɗaure ne da makaranta ɗaya da gari ɗaya, har darasin da mutum zai bayar a wata cibiya ranar hutu yana iya zama laifi.

Daga nan mai karatu zai gane haɗarin bizar yawon buɗe ido da bizar umara. Babu Bahaushen da bai san halin da 'yan uwanmu da suka zauna a Saudiyya ba iƙama suke ciki ba: ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba banki, ba inda za a kai ƙara idan an hana mutum haƙƙinsa. Digiri ba ya raba malami da wannan hali idan ya shiga ta ƙofar da ba tasa ba. A ƙasashen Larabawan yankin Gulf izinin zama yana fitowa ne ta hannun mai ɗaukar aiki, don haka a karanta kwantaragi da idon basira: nawa ne albashi kuma da wane kuɗi, awa nawa a mako, wa zai biya gida da tikiti da inshorar lafiya, wa zai biya kuɗin izinin, kuma me zai faru idan ɗaya ya so ya janye. Ka nemi lambar wayar makarantar da kanka, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka kira ka tambaya ko sun san da zuwanka. Makarantar gaskiya takan yi hira da malami ta bidiyo, kuma ba ta neman a turo mata kuɗi kafin ta ba da aiki.

Masu nufin Najeriya ko Gana su lura cewa yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90 ne, zama don aiki kuwa sai da katin zama. Tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, a tambayi hukumar shige da fice ta ƙasar abin da take nema daga ɗan Nijar a lokacin tafiyar, kada a dogara da yadda wani ya yi shekara biyar da suka wuce.

Idan an isa, fasfo ya zauna a hannun mai shi. In makaranta ta karɓa domin aikin hukuma, ta ba da rasit da ranar mayarwa. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a imel, a bar kwafi a gida wajen mahaifi ko babban wa, a kuma yi rajista a ofishin jakadancin Nijar da yake kula da ƙasar. Sabunta izini ana fara shi aƙalla wata biyu kafin ya ƙare, kuma wanda zai sauya makaranta kada ya taka ajin sabuwar sai ya karɓi takardar sallama daga tsohuwar, an kuma mayar da izinin da sunan sabuwar.