Yadda za ka sha kallon Yamai ba ka kashe ko dala ba

Wani ƙanena ne ya kira ni satin da ya wuce wai zai tahi Yamai karɓo takardunshi, kwana uku zai yi, kuma in an cire kuɗɗin kar da na abinci babu abin da ya rage mishi aljihu, shi ne yake tambayata yaya ko akwai abin da mutum zai gani a garin nan bai biya ba. Na ce yaro kwantar da hankalinka, abin kallon Yamai mafi yawanshi babu mai tsaye bakin ƙofa yana yanka tikiti, ƙafarka kawai za ta biya. To abin da na hwaɗa mishi shi ne zan zuba muku nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Da farko dai ranar da ka sauka kada ka ce za ka yi yawo. Daga nan Maradi zuwa can kilomita wajen 660 ne, ku wuce Ƙonni ku wuce Dogon Dutsi ku wuce Dosso, lokacin da za ka sauka tasha ƙugunka ya gama gaya maka gaskiya. Ka nemi masaukinka, ka yi wanka, ka kwanta. Yawo sai washegari, kuma da sanyin sahe, don ranar Yamai ba ta da kunya, balle in ka je watan Afirilu ko Mayu da zahi ke wuce 40. In kana da zaɓi ka je tsakanin Nuwamba da Fabarairu.

Abu na hwarko kogi, wato Kogin Neja da ya ratsa garin. Wallahi ko shi kaɗai ka gani ka dawo ba ka yi asarar tahiya ba. Mu da munka saba da Gulbin Maradi wanda da damina ta wuce sai rairayi, yara na buga ƙwallo cikinshi, ranar da na hwara tsayawa bisa gadar Kennedy na ga ruwa shimfiɗe kamar ba shi da iyaka sai da na riƙe ƙarhen gefen gadar don kaina ya ɗan juya. Gadar nan tun 1970 anka buɗe ta, ita ce ta haɗa cikin gari da Harobanda inda jami'ar Abdou Moumouni take, kuma akwai wurin masu tahiya ƙasa, to ka taka ta a ƙafa, kada ka shiga taksi ya hige ka cikin minti biyu ba ka ga komi ba. Ka yi sannu. Ka leƙa ƙasa za ka ga masu wanki sun shanya tuhwahi kala-kala bakin ruwa, ga masu kwalekwale suna jeha taru, ga lambuna shar na salati da kabeji, in ka yi sa'a ma ka haɗu da raƙumi ɗauke da kaya yana tsallaka gadar tsakiyar motoci, direbobi na ta oda shi ko a jikinshi. Lura da kalar ruwan kuma: da damina wajen Agusta da Satumba ja yake saboda laka da koramu ke zubo mishi, sannan wajen Disamba da Janairu ya sake cika da ruwan da ya taho tun daga Gine, wanda ya yi watanni kan hanya kahin ya iso. Ni wannan abin har yau mamaki yake ba ni, a ce ana tsakiyar hunturu ba ɗigon ruwan sama amma kogi na ƙaruwa.

Akwai wasu gadojin biyu, ta Sin da anka buɗe 2011 da ta Seyni Kountché ta 2021, amma in lokacinka kaɗan ne Kennedy ta ishe ka. Ka ajiye wani zuwan na la'asar sakaliya, ka bi kornish, wato hanyar bakin kogi, ta Gamkalle ko ta Yantala ka samu wuri ka zauna, rana na hwaɗuwa bayan duwatsun ƙetaren kogi, wannan kallon masu otal kuɗɗi suke saida shi da lemu mai tsada, kai kuwa ga shi kyauta.

Amma tsaya in gaya maka tun da wuri, waya a aljihu. Kada ka ga abu ya burge ka ka zaro salula ka hau ɗaukar hoto ko'ina, musamman inda ka ga sojoji ko jandarma, ko kusa da fadar shugaban ƙasa da manyan ma'aikatu. In kana shakka ka tambayi na kusa da kai, in an ce a'a ka maida wayarka. Katin ɗan ƙasa kuma kada ya bar jikinka ko masallaci za ka.

In rana ta hwara ɗagawa sai ka shige kasuwa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982 anka sake gina ta, tana tsakiyar gari, kuma shiga kasuwa ba sai da saye ba, kai dai ka riƙe aljihunka da kyau. Gaskiya ɗan Maradi ba za a burge shi da atamfa da shadda ba, mu ma muna da su, shi ya sa ni na fi son Katako. Can ne za ka ga yadda ake narka tsohon alminiyom a zuba tukunya sabuwa gaban idonka, ga masu ƙera murhu da akwati daga tsohuwar ganga, ƙarar guduma ko'ina, sai ka tsaya awa guda ba ka sani ba. Ka yi sallama ka ce sannunku da aiki, ba mai korarka. Hausa za ta kai ka ko'ina a kasuwannin nan, amma ka riƙe fofo ɗinka, wato sannu da Zabarmanci, in ka ce wa dattijo fofo baba sai ka ga hankalinshi ya dawo kanka. In kana son aikin hannu na hwata da azurhwa ka leƙa wajen masu sana'a na Wadata, kallo kyauta ne, sai dai za su yi ta cewa ka taya, ka ce Allah shi kawo kasuwa ka wuce.

In Juma'a ta same ka can to babban masallaci, wanda Libiya ta ba da kuɗɗin gina shi zamanin Gaddafi cikin shekarun 1970. Ka je da wuri ka samu inuwa, ka sa takalminka cikin leda ka riƙe abinka.

Waje ɗaya ne zan ce ka daure ka biya, gidan tarihi na Boubou Hama da anka kahwa 1959. Kuɗɗin shiga ba yawa gare su ba, kuma ciki akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da can da anka tono yankin Agadas, ka tsaya gindinsu ka zama kamar ɗan tsako, ga kuma itacen Tenere, wanda yake shi kaɗai tsakiyar hamada har wata babbar mota ta banke shi a 1973 anka kwaso shi anka kawo nan. Duk hamadar nan da hwaɗinta direba bai ga abin bugewa ba sai itace ɗaya tal, Allah shi kyauta.

Maganar zirga-zirga kuwa nan ne kuɗɗi ke zurarewa ba ka sani ba. Ka haɗa wuraren da ke kusa da juna rana ɗaya, gidan tarihi da gadar Kennedy da babbar kasuwa duk ƙafa na kai ka, in nisa ya yi ka shiga faba-faba, ƙananan bas ɗin haya na cikin gari, ko taksin haɗaka, kuma ka tambayi kuɗɗin tun kahin ka zauna, kada ka ce mishi shata kake so don da ya ji bakin baƙo zai lunka. Gorar ruwanka a hannu, hula a kai.

Da dare ka hita ƙofar gidan da ka sauka, ba za ka rasa fada ba, samari zaune ana dahwa shayi. Ka yi sallama ka zauna, da sun ji kai ɗan Maradi ne za a hwara tsokanarka wai Alhaji ina kaya, kai ma ka rama, kuma a nan za a gaya maka inda ake kilishi mai kyau wanda ba na baƙi ba, don jikar da ka tsimi duk kwana ukun nan tsaraba za ta tahi, iya tana jira.