Yadda na farkar da 'yan aji uku da ramukan dara

Kullum bayan hutun tara darasin lissafi yake mutu mini. Yara za su rera "biyu sau biyu huɗu" kamar waƙa, amma in na tsayar da ɗaya na ce 4 sau 6, sai ya yi zuru. Abin ya dame ni ƙwarai, don haddace suka yi, ba ganewa ba.

Ran nan na fitar da su gindin darbejiya, na ce kowace ƙungiya ta haƙa ramuka irin na dara, layi 5, kowane layi rami 6. Suka cika su da ƙwallon dabino da murfin kwalba, suka ƙirga: 30. Daga nan sai na riƙa kiran "3 sau 4!", ƙungiyar da ta riga jera layi 3 na hurhuɗu ta faɗi jimilla, ta ci.

Ranar farko hayaniya ta yi yawa, manyan yara suka danne ƙanana. Na gyara da sa kowa ya jera bi da bi, ba mai maimaitawa sai kowa ya taɓa. Minti 15 kawai nake ba wasan, sannan mu koma aji su zana layukan a littafi.