Tsutsar nan mai sa yaro susar dubura da daddare: yadda za ki hana ta dawowa

Iyaye mata dan Allah ku tsaya ku karanta wannan. Yaro ya hana ki barci yana ta susar bayansa, kin je kemis kin sayo maganin tsutsa ya sha, an samu sauƙi, wata ɗaya ko biyu abu ya dawo sabo fil. Sai ki ji ana cewa ai ɗankanoma ne, ko zaƙi ya yi masa yawa, alhali ba alawa ke kawo ta ba, ƙwanta yaron ke haɗiyewa.

In kina so ki tabbatar, bari ya yi barcin awa 2 ko 3 sai ki haska wajen da tocila, za ki ga wasu 'yan farare kamar zare, tsawonsu wajen santimita 1. Macen ce ke fitowa cikin dare ta zuba ƙwai a bakin dubura, shi ne ƙaiƙayin nan, yaro ya sosa ƙwan ya maƙale a farce, gari na wayewa ya kai hannu baki ko ya tsoma a kwanon da suke ci da ƙannensa, shikenan an koma gidan jiya. Shi ya sa mai tsotson yatsa da mai cin farce suka fi shan wahalarta, sai yaran da ke kwana katifa ɗaya.

Inda aka fi yin kuskure kuwa wajen magani ne. Mebendazole da albendazole tsutsar suke kashewa, ba sa taɓa ƙwan, shi kuma ƙwan yana kai sati 2 zuwa 3 da ransa a zanin gado da wando da fo. To dole a maimaita bayan sati 2, kuma kowa na gidan ya sha rana ɗaya har maigida, ko da baya jin komai. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 2 ba kam sai an tambayi likita tukun.

Sauran aikin naki ne, wallahi da gajiya amma sati 2 ɗin nan ki daure. Wanka da sassafe kafin komai don ya wanke ƙwan daren, a canja wando kullum, a yanke farce ƙasa-ƙasa, bayan tsarki sai an wanke hannu da sabulu, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Zanin gado kar ki kakkaɓe shi a ɗaki, ƙwan tashi yake kamar ƙura, naɗe shi a hankali ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana. In 'ya mace ce kuma ta fara kukan ƙaiƙayi a gabanta, ki kai ta asibiti, tsutsar tana rarrafawa har can.