Fentin ruwa: ka fara sanin ruwan kafin launin

Da na fara zane da fentin ruwa, duk sararin samaniyar da na shafa sai ta bushe da tabo dabbare-dabbare. Na ɗauka hannuna ne ba shi da sa'a. Ashe ruwan ne ban fahimta ba. Fentin nan garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro. Ruwa ke ɗaukarsa ya baza shi, idan ya bushe ƙaron ya manne shi a takarda.

Kada ka tara kaya. Launi uku sun isa: ja, shuɗi da rawaya, sai buroshi mai tsinin baki lamba 8. Kwalbar ruwa biyu, ɗaya ta wanke buroshi, ɗaya mai tsabta ta haɗa launi. Inda ba na yarda a yi ƙwauro shi ne takarda. Nemi mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ta auduga in da hali. Takarda sirirya tana shan ruwa ta lanƙwashe, launin ya taru a kwari, ka yi ta zargin kanka a banza.

Ga abin da nake yi kullum, minti 20 kawai. Ina manna 'yar takarda kamar tafin hannu a kan katako, in ɗan karkata shi. In cika buroshi, in ja layi daga sama. Ruwa zai taru a ƙasan layin kamar ɗigon hawaye. Da shi za ka ja layi na biyu, haka har ƙasa. Ɗigon ƙarshe ka tsotse shi da buroshin da ka goge a tsumma, in ba haka ba ya koma sama ya ɓata maka aiki.

Sai ka sunkuya ka kalli takardar ta gefe, wajen haske. Muddin tana sheƙi, ƙara launi, zai narke a ciki lumui. Da sheƙin ya fara dushewa, ɗauke hannunka! Nan ne nake ɓata nawa a da, don ruwan buroshi ya fi na takardar yawa, sai ya ture launin gefe ya bar tabo. Jira ta bushe sarai, ka taɓa da bayan yatsa. In akwai sanyi, da saura.

Fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo baya. Farin da kake so a zanen, takardar ce, ka kewaye shi tun farko. Launin kuma yana kwantawa idan ya bushe, don haka ka ɗan ƙara masa ƙarfi.

Abu ɗaya nake maimaitawa mako guda, kofi ko ganye, in rubuta kwanan wata a baya. Ba na zubar da ko ɗaya. Ran bakwai nake jera su a tebur in duba wanne na yi wa gaggawa.