Kurakuran da Muke Yi Wajen Shuka Na'ana'a da Ɗaɗɗoya a Inuwa

Gidajenmu na cikin birnin Katsina, daga Rafindadi har Ƙofar Marusa, yawancinsu matsattsu ne: katanga doguwa, ɗaki jikin ɗaki, ga darbejiya ta rufe tsakar gida. Shi ya sa za ki ji uwargida na cewa, "Ai mu rana ba ta shiga gidanmu, komai na dasa ba ya yi." Ni kuwa abin da na gani, sau da yawa ba inuwar ce ke kashe shukar ba, hannunmu ne.

Kuskuren farko, ba ma tsayawa mu san inuwar gidanmu. Ta gindin bishiya daban, inda haske ke ratsowa ta tsakanin ganye, ta lungun bayan ɗaki daban, inda ko shanya ba ta bushewa. Ki ware yini guda, daga hantsi zuwa la'asar, ki ga inda rana ke sauka da tsawon zamanta. Na'ana'a awa 3 zuwa 4 na ranar safe sun ishe ta, don haka jikin katangar da ke kallon gabas ya fi ko'ina. Da bazara ma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwar azahar rahama ce gare ta. Sai dai ki sani rana ba hanya ɗaya take bi ba duk shekara. Da hunturu tana karkata kudu, sai wurin da ke arewa da katanga ya yini babu rana, alhali da damina yana samu. Wannan ne ya sa na fi son shuka a bokiti, don in ɗauke shi in bi rana.

Sannan ba kowane ganye ke jure ƙarancin haske ba. Ɗaɗɗoya tana son kamar awa 6. A duhu sai ta zuƙe ta yi siriri, ganyen ya koɗe, ki murza ki ji ƙamshin ba ƙarfi. Ki bar mata wuri mafi haske, ki ba na'ana'a da citta da gangamau inuwar, lansir kuma ki jira sanyi.

Babbar matsalar dai ruwa ce, kuma a nan na fi tafka kuskure. Na taɓa dasa na'ana'a a yankakkiyar jarka bayan kicin, safe da yamma ina kwara mata ruwa don tausayi. Da ganyen ya fara rawaya yana langaɓewa sai na ɗauka ƙishi ne, na ƙara. Ranar da na tumɓuke ta, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, ƙasar tana warin kwata, ga ƙananan ƙudaje suna tashi. Ashe ban huda gindin jarkar ba. Ƙasar da ke inuwa ba ta saurin bushewa, kuma saiwa ma numfashi take yi, in ruwa ya kwanta sai ta shaƙe. Ki ɗauki ƙusa ki zafafa, ki yi huji 5 ko 6 a gindin mazubin, ki ɗora shi kan bulo. Kafin ki zuba ruwa ki cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bari sai gobe. Ruwan wanke-wanke mai omo kuwa, don Allah ki kai shi kwata, ko da ruwan 'yan garuwa ya yi tsada.

Wasu kuma su haƙa rami a gindin darbejiya ko mangwaro su dasa kai tsaye. Saiwar bishiyar ce za ta shanye ruwan da takin. Mazubi shi ne maganin wannan. Taki ma a yi hankali: ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na takin awaki da ya ruɓe sosai, ya wadatar, tunda shukar inuwa ba ta da ci da yawa.

Akwai wanda kusan kowa ke mantawa, wato ƙurar hunturu. Tana lulluɓe ganye ta tare ɗan hasken da yake samu, wanda dama bai kai ya kawo ba. Ki riƙa yayyafa wa ganyen ruwa da safe sau biyu a mako. In katangar wurin ta samu farar ƙasa ko farin fenti, hasken da za ta maido wa shukar ba kaɗan ba ne.

Wajen tsinka kuma kada ki yi mata aski gaba ɗaya don shayi ko farfesun rana guda. Shukar inuwa a hankali take tohowa. Ki tsinke kan reshe daga sama, kada ki wuce kashi ɗaya cikin uku, sai ta yi rassa biyu a wurin. In kin ga ta karkata wajen haske, ki juya bokitin kowace Juma'a. Citta kuwa sai ta yi wata 8 zuwa 10, ganyenta ya bushe da kansa, sannan ki zazzage bokitin.